Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Aska: Gyara, Washi da Ajiya

Tun da na fara nuna tsofaffin asaken da nake gyarawa, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: na samu irinta cikin kayan kakana, ko na sayo ta a intanet, duk ta yi tsatsa, ta ina zan fara? Shi ya sa na zauna na rubuta aikin daki-daki yadda nake yin sa.

Askar da nake nufi ba wadda maƙeranmu ke ƙera wa wanzamai ba ce, ba kuma wadda ake sanya wa rabin reza ba. Ina maganar askar Turawa ce mai naɗewa cikin ƙota, wadda ƙarfenta guda ne, ake wasa ta ana sake amfani da ita shekara da shekaru. Ga sunayen sassanta da zan riƙa ambata: baki, wato inda kaifin yake, gadon baya, wato gefen nan mai kauri, wuya, inda ake buga sunan maƙeri, sai ƙota mai ɓari biyu da ƙusoshin da suka riƙe ta.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan har ƙarshe: ƙarfen da ka goge ba ya dawowa. Yawancin asaken da na gani a lalace ba tsatsa ce ta kashe su ba, gaggawar mai gyara ce.

Kayan aiki da kuɗinsu

Na gida, waɗanda za ka samu wurin masu kayan gini ko masu fentin mota: sanfefa mai jure ruwa lamba 400, 600, 800, 1000, 1500 da 2000 (yawan lamba, yawan laushi, haka ma a duwatsun washi), man goge ƙarfe irin su Autosol, baƙin salatif na masu wayarin, maka, sifirit, tsohon buroshin haƙori, man keken ɗinki, gilashi mai kauri ko tayil mai santsi, ƙaramin magagari da ƙaramar guduma mai zagayayyen kai. Ka nemi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya ko agogo, mai ninka abu sau 30 ko fiye.

Kuɗin na tafiya ne a duwatsun washi. Kana buƙatar lamba 1000, sai 3000 ko 4000, sai 8000, in da hali 12000. Dutsen King lamba 1000 kan kama kusan dala 30. Norton mai fuska biyu, 4000 da 8000, yakan doshi dala 100, haka ma Naniwa lamba 12000. Ka ƙara kuɗin aiko da na kwastan, ka kuma duba canjin ranar. Ita kanta askar mai tsatsa, a irin su eBay, ana samunta daga dala 15 zuwa 40. Wanda aljihunsa bai kai ba ya sayi takardar washi mai laushi da ake auna girman ƙwayoyin yashinta da maikuron, 12, 5, 3 da 1 (a nan ƙaramar lamba ce ta fi laushi), ya jiƙa ta ya manna a gilashi. Tana aiki sosai, sai dai ba ta daɗewa.

Gargaɗi: dutsen wasa wuƙa na kasuwa da dutsen mahauta ba na wannan aikin ba ne. Suna da kaushi ƙwarai, za su farfashe bakin.

Mataki na 1: Duba ta kafin ka kashe mata ko kwabo

Ka buɗe ta a hasken rana, ka bi bakin da gilashin ƙara girma daga tushe, wato ƙarshensa na kusa da wuya, zuwa tsini. In ka ga tsagewa, ko da siririya ce kamar gashi, wadda ta taso daga baki ta nufi sama, ka haƙura da ita. Ba ta gyaruwa. Ƙaramin giɓi kuwa ana iya fitar da shi da washi.

Tsatsa iri biyu ce. Ja ta sama ba komai ba ce. Baƙar da ta ci rami ita ce abin dubawa: in ramukan suna can kusa da gadon baya, muni kawai za su yi, in suna dab da baki, duk lokacin da ka wasa sai bakin ya riƙa ɓantarewa a wurin. Duba gadon bayan kuma. In ya sha washi har ya yi faɗi a gefe ɗaya ya tsuke a ɗaya, hannun da ya riƙe ta a baya ya karkatar da ita, za ta ba ka wahala. Sannan ka tsayar da bakin a hankali a kan gilashi. In tsakiyarsa ta ɗago, haske na wucewa ta ƙasa, bakin ya lotsa ciki, aiki ne babba wanda ba na ɗan koyo ba. In kuwa ya ɗan yi tumbi waje, wannan ba aibi ba ne, tsofaffin asaken Ingila da yawa haka aka ƙera su. Shuɗi ko ruwan ƙasa-ƙasa a jikin baki alama ce cewa wani ya ƙona ta a injin, taurin ƙarfen ya tafi.

Karanta abin da aka buga a wuya. Sheffield ta Ingila ta fitar da Wade & Butcher, Joseph Rodgers da George Wostenholm. Solingen ta Jamus ta fitar da Böker, Henckels, Puma da Dovo. Akwai Thiers-Issard ta garin Thiers a Faransa, C.V. Heljestrand ta Eskilstuna a Suwidin, da Filarmonica ta Sifaniya. Duk waɗannan ƙarfensu amintacce ne. Daga 1891 dokar Amurka ta wajabta a rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigar mata da su, don haka in ka ga an rubuta Sheffield kaɗai babu England, sau da yawa askar ta girmi wannan shekarar. Faɗin aska da kashi takwas na inci ake auna shi. Ɗan koyo ya fara da 5/8, wato kusan milimita 16, mai zagayayyen tsini.

Gargaɗi kan ƙota: wasu an yi su da wata tsohuwar roba mai suna seluloyid, wadda in ta fara ruɓewa take fitar da iska mai cin ƙarfe. Za ka gane ta da tsatsar da ta bi daidai inda ƙota ke rufe ƙarfen, da wari mai tsami. Irin wannan ƙotar a cire ta a yau, a jefar, kada ta kwana kusa da sauran asake. Wadda ake zaton hauren giwa ce kuma kada ka yi odarta daga waje, an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989.

Mataki na 2: Wanke

Ruwan ɗumi, sabulu da buroshi, har cikin tsakanin ƙota. Ka busar nan take, ka goge ƙarfen da sifirit. Kada ka tafasa ta, ƙota za ta lanƙwashe. Kada ka jiƙa ta a bilic, kafin ka juya ta yi tsatsa. Sifirit ma kada ya daɗe a kan seluloyid. Bayan an gama gyara aska ta mutum ɗaya ce, ba a aron ta, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye.

Mataki na 3: A cire ƙota ko a bar ta?

In ƙotar lafiyarta ƙalau, tsatsar kuma ba ta shiga mahaɗa ba, wato inda ƙusa ta haɗa ƙarfe da ƙota, bar ta. Askarka ta farko ma ina ba ka shawara kada ka cire. In dole ne, ka manna salatif kewaye da kan ƙusar don kare ƙota, ka goge kan da magagari a hankali har ya ƙare, sannan ka tura ƙusar da siririn ƙarfe. Kada ka zura wuƙa ka ɓamɓara, a nan ƙaho da ƙashi suke tsagewa. Kada ka sa injin, seluloyid yana kama wuta da ɗan zafi kaɗan. Ka adana 'yan ƙananan zobban da ke ƙarƙashin kan ƙusa da ɗan tsinken da ke raba ɓari biyun a ƙarshen ƙota.

Mataki na 4: Fitar da tsatsa

Kafin komai ka dakusar da bakin: ja shi sau biyu ko uku a gefen kwalba, ba tare da dannawa ba. Aska mai tsatsa tana yanka har ƙashi. Ka kwantar da ƙarfen a kan katako, bakin ya manne da katakon, kana aiki daga gadon baya zuwa baki, yatsanka bai taɓa bin tsawon kaifin ba.

Fara da abu mafi sauƙi, wato man goge ƙarfe da tsumma. Sau da yawa shi kaɗai ya wadatar. In bai fitar ba, ka gwada sanfefa 1000 da ɗigon mai. Sai in ta gaza za ka sauko 600 ko 400. Ka naɗe sanfefar a jikin toton kwalba ko guntun tiyo don ta bi kwarin da ke jikin askar. Daga inda ka fara sai ka riƙa hawa lamba-lamba har 2000, kana sauya alƙiblar gogewa a kowace lamba: wannan a tsaye, ta gaba a kwance. Ta haka za ka gane ko zanen lambar baya ya ɓace. Wanda ya tsallake lamba zai ga zanen ya fito fili bayan ya sa man gogewa, sai ya koma baya. Aikin nan yana cin awa uku zuwa biyar, wani lokacin fiye.

Gargaɗi: in akwai rubutu ko adon ruwan zinare a fuskar askar, sanfefa da man gogewa duk za su share shi cikin daƙiƙa. Ka kewaye wurin. Kuma ba dole ba ne ka kori kowane rami. Askar da aka fafe jikinta sosai siririya ce kamar takarda a kusa da baki, in ka nace sai ta yi madubi za ka cinye ta. Ni na fi son aska mai ɗan tabon shekarunta a kan wadda aka goge har sunan maƙerinta ya dushe.

Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne kai ta wurin mai injin wasa wuƙa. Na taɓa ba wani wata askar Solingen don ya rage mini aiki, kafin in ce a dakata bakin ya yi shuɗi. Har yau tana nan a ajiye, ba ta sake riƙe kaifi ba, kuma abin yana damuna duk lokacin da na gan ta.

Mataki na 5: Gyaran ƙota da mayar da ita

Ƙaho in ya bushe yakan yi fari-fari yana ɓarewa. Jiƙa shi a man neatsfoot, wato man ƙafar shanu da ake tausasa fata da shi, kwana ɗaya ko biyu, in babu ka sa man jarirai, sannan ka bi shi da sanfefa 1000 zuwa 2000. Za ka sha mamakin yadda baƙinsa zai dawo. Sabuwar ƙusa sandar tagulla ce mai kaurin 1/16 na inci, kusan milimita 1.6. Ka yanke ta ta ɗara ƙota da kamar milimita ɗaya a kowane gefe, ka sa zobba, ka ɗora a kan ƙarfe mai nauyi, ka riƙa ɗan bubbuga kan da gudumar kana juyawa. Bugun ya zama mai sauƙin da ko a farcenka ya sauka ba zai yi zafi ba. Bugu mai ƙarfi yana lanƙwasa ƙusa a ciki ya fasa ƙota. Kana yi kana rufe askar a hankali kana dubawa: dole bakin ya shiga tsakiya bai taɓa kowane ɓari ba.

Mataki na 6: Daidaita dutse

Ko sabon dutse ba a yarda da shi sai an daidaita fuskarsa. Zana layuka da fensir a kansa, tsaye da kwance. Manna jiƙaƙƙiyar sanfefa 400 a gilashi, ka goga dutsen a kai har layukan su ɓace baki ɗaya, ka ɗan kashe kaifin gefunansa. King yana son a jiƙa shi kamar minti 10 zuwa 15 kafin aiki. Wasu, irin su Shapton, yayyafa ruwa kawai suke so.

Mataki na 7: Kafa baki a dutse lamba 1000

A nan aikin yake. Duk wanda ya ce mini askarsa tana jan gashi bayan ya kai ta har 12000, na san tun a nan ya yi gaggawa. Duwatsun sama ba sa samar da kaifi, gyara wanda aka kafa kawai suke yi.

Aska ba kamar wuƙa ba ce da ake ɗaga bayanta. Ana kwantar da ita ne gaba ɗaya, gadon baya da baki duka suna taɓa dutse a lokaci guda. Maƙerin ya riga ya auna kaurin bayan da faɗin askar yadda kusurwar za ta fito da kanta, wajen digiri 15 zuwa 18. Da ka ɗaga bayan ko sau ɗaya, ka ɓata abin da ka yi.

Manna salatif falle ɗaya a gadon baya don kada dutse ya cinye shi. In ya goge ka sauya, kuma in ka fara da shi to da shi za ka gama har dutsen ƙarshe. Shafa maka a bakin, gefe biyu. Tura askar a kan dutse baki na gaba, kamar za ka yanki siririn ɓawo daga dutsen, kana ɗan jawo ta gefe yadda daga tushe har tsini kowane wuri zai taɓa. A ƙarshen dutse ka mirgina ta ta kan gadon baya, ba ta kan baki ba, ka dawo. Zuwa da dawowar suna zana harafin X. Bayan sau biyar ka duba makar. Inda ta goge, dutse na taɓawa. Inda ta rage, ba ya taɓawa. In askar mai tumbi ce, sai ka riƙa mirgina nauyin hannunka daga tushe zuwa tsakiya zuwa tsini a cikin kowace turawa.

In bakin ya mutu sosai ko akwai giɓi, ka yi ƙananan da'ira 20 a gefe ɗaya, 20 a ɗayan, sannan X guda 20, ka duba, ka maimaita. Dannawa kaɗan ce, kamar nauyin yatsu biyu. Siririyar aska tana lanƙwasa in an danna ta, sai dutsen ya riƙa cin bayan bakin ya bar bakin kansa. Wani lokacin minti 15 ya isa. Tsohuwar Sheffield mai kauri kuwa tana iya cin awa biyu, har ka ji kamar ba a ci gaba. Ana ci.

Yaya za ka san baki ya kafu? Gwaji uku nake yi, kuma sai duka sun yi daidai. Na ɗaya, ka juya bakin sama a ƙarƙashin fitila ka kalle shi kai tsaye: in wani wuri yana ƙyalli, gefen biyu ba su haɗu ba tukuna, domin kaifin gaske ba ya mayar da haske. Na biyu, da gilashin ƙara girma, zanen dutse ya kai har ƙarshen baki babu giɓi. Na uku, ta aske gashin hannu a kan fata cikin sauƙi a tushe, a tsakiya, da tsini. Tushe da tsini su ne ke yaudarar mutane, tsakiya kan riga su kafuwa. In ko wuri ɗaya ya gaza, kada ka bar wannan dutsen.

Gargaɗi: kada ka ja babban yatsa a tsawon bakin don jin kaifi. Kada kuma ka gwada ta a takarda ko farce bayan wannan matakin.

Mataki na 8: Duwatsun sama

Ka wanke askar da hannunka kafin kowane sabon dutse, ƙwayar yashi ɗaya daga 1000 tana iya zane 8000. A 3000 ko 4000 ka yi X kamar 30 zuwa 40, har zanen 1000 ya ɓace a gilashin ƙara girma. A 8000 kamar 20 zuwa 30, nauyin askar kaɗai. A 12000 kamar 15 zuwa 20. Lissafin jagora ne kawai, idonka ne alƙali.

Masu sha'awar dutsen ƙasa sukan gama da ruwan ɗorawan dutsen Beljiyam da ake haƙowa a yankin Ardennes, ko na Thuringia a Jamus, saboda bakinsu yana da taushi a fuska. Suna da daɗin aiki, amma kowane guda da halinsa. Ka ƙware a na masana'anta tukuna.

Mataki na 9: Shafawa a fata

Cire salatif, ka goge ƙarfen. A fatar washi, wato jemammiyar fatar da ake shafa aska a kai, ana juya tafiyar ne: gadon baya ke gaba, baki na biye. Ka ja fatar ta miƙe sosai, ka kwantar da askar, ka tafi, ka mirgina ta kan baya, ka dawo. Sau 20 a kan zane mai kauri irin na kanbas, sau 50 a kan fata. Sannu a hankali. Saurin da ake gani wurin ƙwararru shi ke sa ɗan koyo ya yanke fatar ko ya naɗe bakin.

Ba sai ka yi odar fata ba. Baduku zai yanka maka fatar shanu mai santsi, faɗin santimita 7, tsawon kamar 45, marar tabo ko ƙulli. Fatar akuya da majema ke jemewa da bagaruwa tana da laushi mai kyau amma siririya ce, tana miƙewa, sai an manna ta a shafaffen katako. Wasu kan shafa koren maganin washi mai maikuron 0.5 a wata fata dabam su yi sau 5 zuwa 10. In za ka yi haka, kada ya taɓa fatar washinka ta kullum.

Mataki na 10: Gwajin aski

Jiƙa gemu da ruwan ɗumi da kumfa sosai. Ka fara da kunci, ka ja fatar fuska ta miƙe, tazarar gadon baya da fata kamar kaurinsa ɗaya ko biyu, ka bi yadda gashi ya kwanta. Alif ya kasance kusa saboda ƙaramin yanka. In tana ja, koma mataki na 7. In tana aske amma da kaushi, koma 8000.

Mataki na 11: Ajiya

Ƙarfen waɗannan asake yana iya tsatsa cikin dare ɗaya. Bayan kowane aski ka ɗauraye ƙarfen kaɗai, kada ruwa ya shiga mahaɗa. Goge da tsumma daga baya zuwa baki, zura takarda mai laushi tsakanin ƙota, yi sau 10 a fata don busar da bakin, ka bar ta a buɗe rabin awa inda yara ba sa kaiwa. Banɗaki ba wurin ajiyarta ba ne.

In za ta yi mako ba a taɓa ta ba, ka shafa mata man keken ɗinki kaɗan. In watanni ne, basilin. Kada ka sa man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su yi danƙo. Kada ka bar ta cikin kube na fata na tsawon lokaci, fata tana riƙe laima. Zabirar wanzami ta dace da askar da ake fitarwa kullum ne, ba wadda za ta yi wata shida a rufe ba. Akwatin katako ko na roba ya fi, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi.

Da damina ka buɗe akwatin duk mako biyu ka duba, musamman mahaɗa da ƙarƙashin wuya. Da hunturu kuma ƙota ce abin ji: ƙaho da ƙashi suna bushewa su tsage, don haka ka shafa musu ɗigon mai a farkon sanyi, fatar washi kuma ka riƙa murza ta da tafin hannu kafin amfani. Kada ka bar aska a mota ko a taga inda rana ke duka. Masu ƙotar seluloyid a ware musu wurinsu dabam mai shan iska, ko da lafiyarsu ƙalau, kana shinshina su lokaci zuwa lokaci.

Askar da ake shafawa a fata kafin kowane aski takan yi wata biyu zuwa uku kafin ta nemi dutse. In ta fara ja, X goma zuwa goma sha biyar a dutsenka na ƙarshe sun isa, da salatif in da shi ka wasa ta tun farko. Ka rubuta a 'yar takarda ka ajiye tare da kowace aska: ranar da ka wasa ta, dutsen da ka gama da shi, da falle nawa na salatif ka sa.